Cinikin Filtar Ruwan Sha: Rangwamen da Ke da Riba da Wanda Ke da Hatsari

LEGAS — Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa Naira mara a kasuwar canjin kuɗi, babu wani kaya da ake shigowa da shi daga ƙetare wanda farashinsa bai motsa ba. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin N460 a farashin hukuma ta haura N1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma duk kwalin da ya sauka a tashar Apapa ko ta Tin Can ya sauka ne da wannan nauyi a kansa. Daga cikin kayan da abin ya shafa akwai wani ɗan ƙaramin abu da manyan 'yan kasuwa ba su cika sa shi a lissafi ba, wato filtar da ake sauyawa a cikin butar tace ruwan sha, da kuma kyandir ɗin da ake ɗaurawa a cikin matacin ruwa mai hawa biyu.

Wannan ciniki yana da wata siffa tasa ta daban. Ita buta sau ɗaya ake sayenta, ta yi shekaru tana aiki, amma filtar da ke cikinta tana da wa'adi, da ya cika sai a jefar a sa wata. Ke nan duk magidancin da ya sayi buta ya zama mai ciniki na dindindin, ko yana so ko ba ya so, kuma a nan ne kamfanonin da ke ƙera ta suke samun ribarsu ta ainihi. Da tsada ta zo, ba abin mamaki ba ne idan magidanci ya shiga neman inda zai samu ragi, shi kuma ɗan sari ya shiga neman kwalin da zai iya sayarwa da rangwame ba tare da ya faɗi ba. Abin da ya bambanta wannan kaya da takalmi ko atamfa shi ne, idan aka yi wa mutum algus a kansa, ido ba ya gani, harshe ma sau da yawa ba ya ji. Ruwan zai fito garau kamar kullum, a zuba wa yara su sha.

Abin da ke cikin filtar

Butar tace ruwa irin wadda aka sani a yau ta samo asali ne daga ƙasar Jamus, inda wani mutum mai suna Heinz Hankammer ya kafa kamfanin Brita a shekarar 1966. Idan aka fasa filtar irin wannan buta, abubuwa biyu za a tarar. Na farko gawayi ne da aka sarrafa, galibi daga ƙoƙon kwakwa, aka gasa shi har ya yi ƙananan ramuka marasa iyaka, waɗanda ke kama sinadarin kulorin da abubuwan da ke ba ruwa wari ko ɗanɗano mara daɗi. Na biyu wasu ƙwayoyin roba ne ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda ke riƙe wasu ƙarafa da suka narke a ruwa, irin su tagulla, tare da rage gishirin da ke sa tukunyar shayi ta yi farin ɓawo a ciki.

Dukkan abubuwan biyu suna cika. Gawayin da ramukansa suka toshe ya gama aiki, ko da ruwa yana ci gaba da ratsa shi. Saboda haka ne kamfanoni ke rubuta wa'adi a jikin kwali. Filtar Brita ta yau da kullum da ake sayarwa a Amurka tana ɗaukar galan 40, wato kimanin lita 150, ko wata biyu. Samfurin Turai da ake kira Maxtra yana ɗaukar tsakanin lita 100 zuwa 150 gwargwadon irinsa, ko makonni huɗu.

A nan ne lissafin da aka yi wa ƙaramin gidan Bature yake rushewa idan ya iso gidan Bahaushe. A ɗauka gida mai mutum goma, kowa yana shan lita biyu da rabi a yini, abin da ba shi da yawa a watan Afrilu. Lita 25 ke nan a kullum. Filta mai lita 150 za ta ƙare a cikin kwana shida, ba makonni huɗu ba. Magidancin da ya bi kalanda maimakon ya bi yawan ruwa zai shafe fiye da kwana ashirin a kowane wata yana zuba ruwa a cikin gawayin da ya riga ya mutu. Mai shagon da ya san wannan lissafi kuma ya gaya wa mai saye zai iya rasa cinikin buta ɗaya a ranar, amma ya tsira daga ƙorafin da zai biyo baya.

Akwai kuma wani ma'auni mai sauƙi da kowane mai saye zai iya yi a tsaye a bakin shago. Jakar ruwan leda tana ɗauke da ƙulli 20, kowane rabin lita, wato lita 10. Filta mai lita 150 daidai take da jaka 15. Idan kuɗin filta ɗaya ya zarce kuɗin jaka 15 a unguwar mai saye, to maganar tsimin kuɗi ta faɗi, sai dai a kawo wata hujja daban.

Abin da buta ba ta iya yi

Babban abin da ya kamata a fahimta shi ne, wannan buta an ƙera ta ne domin ruwan famfo wanda hukuma ta riga ta tace ta kuma kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki. Kamfanonin da kansu suna rubuta haka a takardar da ke cikin kwali: kada a yi amfani da ita a kan ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa daga ƙwayoyin cuta ba. Aikinta gyara ɗanɗano ne da rage wasu sinadarai. Ba ta kashe ƙwayar kwalara, ba ta tare ta taifot.

Wannan sharaɗi yana da nauyi a ƙasar da gidaje masu ɗimbin yawa ke dogara da rijiya, da burtsatse, da jarkar 'yan ga-ruwa, kuma inda ruwan famfon ma kan bi ta bututun da ya fashe a gefen kwata kafin ya iso gida. Gwamnatin Tarayya da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwan sha da tsabtar muhalli a watan Nuwamban 2018. A shekarar 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta lissafa fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mai shagon da ya sayar wa uwar yara buta a irin wannan hali yana ce mata ta huta da dafa ruwa, ya sayar mata da abin da ya fi rashin buta muni, domin ya raba ta da kariyar da take da ita tun farko.

Har ila yau, gawayi yana cire kulorin, alhali kulorin ɗin ne ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa a ruwan da aka ajiye. Wani bincike da likitoci suka yi a birnin Freiburg na Jamus, aka buga shi a 1996, ya nuna cewa a wasu gwaje-gwajen yawan ƙwayoyin halitta a ruwan da ya bi ta irin wannan filta ya ninka na ruwan famfo har sau 10,000. Gaskiya ne yawancin irin waɗannan ƙwayoyi ba sa cutar da mai lafiya, kuma kamfanoni da dama suna haɗa gawayin da azurfa domin rage yaɗuwarsu. Amma shawarar da suke bayarwa ita ce a ajiye butar a firji, a kuma shanye ruwan cikin yini guda. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa na sa'o'i, buta kuma tana zaune a kan tebur cikin zafin bazara, wannan shawara ba ta samun cika.

Haka nan filtar yau da kullum ba ta da wani tasiri na a zo a gani a kan sinadarin fulorayid, wanda yawansa a ruwan ƙasa ke ɓata haƙoran yara a wurare irin su Langtang a Jihar Filato da Kaltungo a Jihar Gombe. Gubar dalma ma ba kowace filta ke rage ta ba. A jerin kayan Brita na Amurka, samfurin Elite, mai ɗaukar galan 120, shi ne ke da shaidar rage dalma, filtar yau da kullum ba ta da ita. Kuma ko wannan ɗin ba shi ne maganin irin bala'in da ya auka wa Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu, domin can gubar ta fi shiga jiki ne ta ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Tarihin ƙasar nan ya nuna amfanin mataci idan ya dace da cutar da ake yaƙa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu ciwon kurkunu a Nijeriya. Ɗan ƙyallen tacewa da aka rarraba a ƙauyuka, wanda ke tare ƙananan ƙwarin ruwan da ke ɗauke da tsutsar, yana cikin manyan makaman da Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi kamfe da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar takardar shaidar rabuwa da cutar a watan Disamban 2013. Ƙyalle ne mai araha, amma an san abin da yake tarewa da abin da ba ya tarewa.

Ragi iri-iri

Ba kowane rangwame ne abin zargi ba. Kamfanoni suna haɗa filta uku, ko shida, ko goma sha biyu a kwali ɗaya su rage farashin kowace, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi tsabta ta samun sauƙi. Filtar da ke cikin ledarta a rufe, ba ta huje ba, tana iya yin shekaru a ajiye ba tare da ta lalace ba, saboda haka tsohon kaya da shago ke son kawarwa ba lalle ne ya zama mara kyau ba. Abin dubawa shi ne ledar. Idan ta yage, ko aka ga alamar an sake manne ta da wuta, to gawayin ya daɗe yana shaƙar warin sito, balle idan an jera shi kusa da sabulu, turare ko maganin sauro.

Akwai kuma filtar da wasu kamfanoni daban ke ƙerawa da sunansu, su rubuta cewa tana shiga butar wane da wane. Wannan halal ne a kasuwa, kuma a Turai manyan kantuna ma suna da irin tasu. Wata tana aiki daidai da ta asali, wata kuma gawayi ne kawai a ciki, babu ƙwayoyin robar da ke riƙe ƙarfe, shi ya sa ta yi araha. Matsalar da aka fi samu da ita ita ce zama. Idan bakinta bai kama ramin buta tsaf ba, ruwa zai zurare ta gefe ya gangara ƙasa ba tare da ya taɓa gawayi ba. Butar da ta saba ɗaukar mintuna kafin ta tace cikinta, aka wayi gari tana yi cikin ƙiftawar ido, ba ƙwazo ta ƙara ba.

Masu shigo da kaya suna da wani tarko nasu da ya kamata su sani. Sunan Brita a nahiyar Amurka yana hannun kamfanin Clorox ne tun shekarar 2000, yayin da kamfanin Jamus ke riƙe da sauran kasuwannin duniya. Filtar Amurka ta yau da kullum doguwa ce mai kewaye, Maxtra kuwa faffaɗa ce, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Ɗan kasuwar da ya ga gwanjon filta a Amurka ya cika kwalaye, alhali butocin da ke hannun masu cinikinsa daga Ingila ko Dubai suka zo, ya ɗaure jarinsa a kan kayan da babu mai saye.

Sai kuma jabu, wanda shi ne ainihin abin tsoro. A watan Satumban 2019 jami'an kwastan na Amurka sun kama fiye da filta 5,000 na jabu, irin waɗanda ake sa wa firji, a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles da Long Beach, ɗauke da tambarin sanannun kamfanoni har da tambarin hukumar gwaji ta NSF. Kafin nan, ƙungiyar masu ƙera kayan gida ta Amurka ta sa an gwada irin waɗannan filtoci a 2018, aka tarar sun kasa rage dalma yadda aka rubuta a jikinsu, wasu ma suna zubar da nasu sinadaran a cikin ruwan. Idan irin wannan kaya yana neman shiga ƙasar da ke da tsauraran matakan bincike, babu dalilin da zai sa a ɗauka ba ya neman hanyar Legas ko Anacha. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma filtar da ake tallarta a rabin kuɗin da wakilin kamfani ke sayar wa 'yan sari tana bukatar bayani kafin a biya.

Karanta tambari

Hukumar NSF, wadda aka kafa a Jihar Michigan ta Amurka a 1944, tana da lambobi da ke nuna irin gwajin da kaya ya ci. Lamba 42 ta shafi abubuwa irin su ɗanɗano, wari da kulorin. Lamba 53 ita ce ta abubuwan da ke cutar da lafiya, irin su dalma, kuma ko a ƙarƙashinta ana ba da shaida ne a kan kowane sinadari daban, ba a dunƙule ba. Wannan bambanci ya fito fili a rikicin ruwan birnin Flint da ya fara a 2014, inda hukumomi suka rarraba wa jama'a filtoci masu shaidar lamba 53 ta dalma. Akwai kuma bambanci tsakanin kwalin da ya ce hukuma ta ba shi shaida da wanda ya ce an gwada shi bisa ƙa'idar hukumar. Na biyun kowa na iya rubutawa. NSF tana da jerin kayan da ta amince da su a shafinta na intanet, kuma duba sunan samfuri a can bai fi aikin minti biyar ba ga wanda ke shirin zuba miliyoyi a kwantena.

Game da kashe ƙwayoyin cuta kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara wani shiri a 2014 na gwada kayan tsabtace ruwa na gida, tana ba su tauraro ɗaya zuwa uku gwargwadon ƙarfinsu, kuma wasu kayan da aka kai mata sun faɗi gwajin gaba ɗaya.

A cikin gida, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ce ke da ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa, NIS 554, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, kuma tun 2005 take gudanar da shirin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. NAFDAC, wadda Dokar Soja mai lamba 15 ta 1993 ta kafa, ita ke kula da ruwan leda da na gora. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta haifar da hukumar FCCPC, ba ta tsayar da alhakin kaya mai aibi a kan wanda ya ƙera shi kaɗai ba, tana bin wanda ya sayar da shi. Saboda haka ɗan kirin da ke Sabon Gari a Kano ko Wuse a Abuja yana da dalilin neman rasit mai ɗauke da sunan samfuri da lambar kwali daga wanda ya yi sari a hannunsa, ya kuma adana shi.

Wata dabara da masu talla ke yi ta cancanci a ambace ta. Sukan tsoma wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami a ruwa, ta nuna lamba, su ce ga yawan datti. Na'urar tana auna gishirin da ya narke ne kawai, ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya, kuma ruwa mai kwalara zai iya ba da lamba mai kyau. Wasu kuma sukan sa sandunan ƙarfe biyu a kofi su haɗa da lantarki, ruwan ya rine ya koma ja ko baƙi. Launin daga jikin sandar ƙarfen yake fitowa.

Kyandir da tukunyar yumɓu

Ga gidan da ruwansa na rijiya ne ko na ga-ruwa, matacin kyandir ya fi buta dacewa nesa ba kusa ba. Tsohuwar fasaha ce: matacin Berkefeld ya fito a Jamus a 1891, aka yi amfani da shi a annobar kwalarar birnin Hamburg ta 1892. Jikin kyandir na farar ƙasa ne da aka gasa, ramukansa ƙanana ne ƙwarai har suna tare yawancin ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsa, ko da yake ƙwayoyin bairos, da yake sun fi ƙanƙanta, suna iya wucewa. Ana wanke shi da buroshi da ruwa mai tsabta, ba a sa sabulu, kuma yana yin watanni kafin a sauya.

Rauninsa shi ne tsagewa. Kyandir da ya sha jijjiga a bayan tirela daga Legas zuwa Kano zai iya yin tsaga siririya kamar gashi wadda ido ba ya kamawa, kuma ta wannan tsaga duk abin da ake gudu zai bi ya wuce. Irin wannan kaya ne ya fi saurin faɗawa cikin tarin da ake karyar da farashinsa. Gwajinsa ba shi da wuya: a jiƙa shi sosai, a nutsa shi cikin bokitin ruwa, a hura iska ta bakinsa, idan kumfa ta riƙa fita a jere daga wuri guda to a ajiye shi gefe. A kuma duba robar da ke toshe gindinsa, domin kyandir mai kyau a kan robar da ta bushe ta tsattsage shi ma yoyo yake yi.

Inda ruwa ya yi gurɓi, tsarin da ya fi kare filta da aljihu shi ne a fara kwantar da lakar da alam ko niƙaƙƙen irin zogale, a tsiyaye, sa'an nan a dafa ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard a jira rabin awa. Bayan haka ne buta ke da gurbi, domin ta ɗauke warin maganin da kan sa yara su ƙi sha. Idan aka juya tsarin, aka zuba ruwa mai laka kai tsaye, filtar wata guda za ta toshe cikin kwanaki.

Kayan da ake haɗa waɗannan abubuwa da su ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Ƙoƙon kwakwa yana nan a Badagry, ƙoƙon kwakwar manja ya cika jihohin kudu, kuma dukkansu ana yin gawayin tace ruwa da su. Tukunyar tacewa ta yumɓu, wadda Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a ƙasar Guatemala a 1981, ana yin ta ne da laka da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gasa har garin ya ƙone ya bar ƙananan ramuka, a shafe ta da ruwan azurfa. Ƙungiyar Pure Home Water, wadda aka kafa a 2005, ta gina masana'antar irin wannan tukunya a kusa da Tamale a arewacin Gana. A masana'antun da ke bin ƙa'ida, kowace tukunya sai an cika ta da ruwa an auna abin da take tsiyayarwa cikin awa guda kafin ta fita kasuwa. Wadda ta tsaya tsakanin lita ɗaya zuwa uku ita ake sayarwa, wadda ta zarce haka kuwa fasa ta ake yi.